Birgimar Tamarai

Tun jirgin ruwan bai bar tashar Chennai ba Gomati ta gama sanar da duniya cewa ba da ƙanwar mijinta aka shirya wannan tafiyar ba. Ta faɗa wa matar da ke duba fasfo, ta faɗa wa mai ɗaukar kaya, ta faɗa wa wata tsohuwa da suka haɗu a layi wadda ko tambayarta ba ta yi ba. Ƙanwar mijin, Tamarai, na zaune a keken guragunta da jakunkuna biyu a cinya, tana jin komai. Gomati ba ta taɓa iya rage murya ba, ba ta kuma ga dalilin da zai sa ta koya yanzu ba.

Maganar kuwa gaskiya ce. Arul, ɗan Gomati da ke aiki a Singapore, shi ya biya wa iyayensa wannan yawon shaƙatawa zuwa tsibirin Lanka, don murnar ubansa Shanmugam ya yi ritaya daga gidan waya. An shirya za a bar Tamarai a Madurai wajen maƙwabciya. Ana gab da tafiya maƙwabciyar ta zame a banɗaki ta karye a hannu, aka rasa mai karɓa, sai Arul ya ƙara mutum na uku. Ranar Gomati ta yi kuka a kicin. Tamarai ta ji ta, ta ci gaba da ɗinkinta.

Shan inna ne ya kama Tamarai tun tana ƙarama, yanzu ga furfura ta fara fito mata a gefen kunne. Tun rasuwar uwarsu, Gomati ce ke ɗaga ta daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, ta kuma dawo da ita. Shanmugam, yayanta, yana da wani ciwon baya da ke tashi duk lokacin da za a ɗaga abu. Matan biyu sun san nauyin juna da warin zufar juna, amma ba wanda zai ce ya taɓa jin kalma mai daɗi ta gifta tsakaninsu. Gomati na kiranta Gimbiya. Ita kuma tana kiran Gomati da Anni, yadda ake kiran matar wa, sai dai tana da wata hanyar jan kalmar da ke mayar da ita zagi.

Jirgin ya fi unguwarsu girma, amma da yake a makare aka ƙara Tamarai, ɗakin da suka samu irin na kowa ne, ba na masu keke ba. Ƙofarsa ta yi wa keken kaɗan, sai an naɗe shi a waje an ɗauke ta an shigar. Lifta kullum cike take da masu ƙafafu. Idan ta buɗe sai su dubi keken, su ɗaga kai sama, har ta rufe. A ɗakin cin abinci tukwane na bisa dogon tebur, Tamarai na ganin tururi ba ta ganin abin da ke ciki, sai abin da Gomati ta ga dama ta zubo mata. A nan ne tayar keken ta taka bakin zanen sarin wata mata mai suna Banumati, shugabar wata ƙungiyar mata da suka taho tare daga Coimbatore. Banumati ba ta yi wa Tamarai magana ba. Wajen Gomati ta juya, ta ce ai irin waɗannan a gida ake barinsu, su ma su huta. Gomati ta ce abin da take ta faɗa ke nan tun daga Madurai. Daga ranar suka zama ƙawaye.

Tamarai ta haɗiye duk wannan, domin akwai abin da take jira. Tashar farko da jirgin zai tsaya garin uwarsu ce, wanda ta baro tana amarya ba ta sake komawa ba. A garin akwai gidan bauta a kan wani dutse da ya leƙa teku, uwar tana kiran ubangijin wurin Mai Dutse. Duk rantsuwarta da shi take yi, duk zazzaɓin da ya kama yara shi take kira. Ta sha cewa wata rana za ta ɗauki Tamarai ta kai ta gabansa, har ta mutu ba ta kai ta ba.

Rabon Tamarai da ganin cikin gidan bauta kuwa tun ranar da ta yi wa ubansu nauyi a kafaɗa. Daga nan aikinta ya zama ɗaya a duk inda aka je. A ajiye ta a bakin ƙofa, kowa ya cire takalminsa ya ɗora mata a cinya, su shiga su fito da toka a goshi, su karɓi takalmansu. Wani lokaci baƙi ma su kawo nasu, wasu su miƙa mata sadaka suna zaton bara take. Ta san takalman danginta fiye da fuskokinsu. A wannan karon ta ƙudurta a ranta cewa ko me za a yi, sai ta ga Mai Dutse da idonta.

Da safen da jirgin ya tsaya, wani ma'aikaci mai fararen kaya ya zo teburinsu da ladabi. Da Shanmugam ya yi magana, ba da Tamarai ba. Ya ce yawon yau bai dace da keke ba, akwai hawa, akwai rana, gara Madam ta zauna a jirgi, za a yi waƙe-waƙe a bene na sama. Shanmugam ya yi ta gyaɗa kai yana cewa haka ne, haka ne. Tamarai ta bari ya gama, ta ce za ta je.

"Gimbiya ta yi magana," in ji Gomati. "To wa zai ɗauke ki? Ni dai bayana hutu ya zo yi."

"Ban ce ki ɗauke ni ba, Anni."

"Ai ba kya taɓa cewa. Zama kawai kike yi ki zuba min ido har mutane su fara kallona."

Ma'aikacin ya yi murmushin da aka koya masa ya tafi.

Ruwa ya cika a daren, jirgin ya ɗaga sama, gadar sauka ta miƙe kamar tsani. Sai da aka nemo ma'aikata huɗu suka kama keken suka sauko da shi da baya, Tamarai na kallon sama, tana jin ɗayansu na nishi kusa da kunnenta. Duk wannan lokacin layi na tsaye a bayanta. A bakin bas kuma aka sake tsayawa. Jagoran yawon, wani siririn mutumin garin mai suna Nimalan, shi da direba suka ɗauke ta kamar buhu suka ajiye a kujerar gaba, aka naɗe keken aka cusa a ma'ajin kaya. Kujerar gaban Banumati ta riga ta ajiye mata jaka tun da sassafe. Ta ɗauke jakar da yatsu biyu, ta koma baya tana faɗa wa matanta cewa mutum ɗaya ya cinye wa mutum arba'in safiyarsu. Wani tsoho ya ce wasu mutane ba su san kunya ba. Shanmugam ya samo wani abin kallo ta taga.

Bas ta tsaya a tsohuwar ganuwa, ta tsaya a kasuwar kayan ƙamshi. Tamarai ba ta nemi a sauke ta ba. Ta zauna a cikin zafi ita da direba, tana ganin Gomati ta gilashi tana shinshina kirfa, tana dariya da Banumati, wata irin dariya da Tamarai ba ta san tana da ita ba. Matan suka daɗe suna ciniki. Da suka dawo Nimalan ya duba agogonsa ya ce a hanzarta, domin da tsakar rana ake buga ƙararrawa a rufe ɗakin Mai Dutse, ba a buɗewa sai yamma, lokacin kuwa jirgi ya tashi.

Daga inda bas ke tsayawa zuwa ƙofar, hanya ce mai hawa, rumfuna hagu da dama, masu sayar da kwakwa da furanni da kafur, birai na zaune a kan kwano suna jiran wanda zai yi sakaci. Tamarai ta kama tayoyi ta fara turawa. Hannayenta kam ba na wasa ba ne, shekara da shekaru suna juya keken ɗinki na hannu. Inda hawan ya yi tsanani keken ya fara ja da baya, Nimalan ya sa hannu ɗaya ya tura, ɗaya hannun na riƙe da 'yar tutarsa. Ta tsaya a wata rumfa ta sayi kwakwa guda.

Tana isa bakin ƙofar, kafin ta gama mayar da numfashi, takalman Shanmugam suka sauka a cinyarta. Na Gomati suka biyo baya. Ba da mugunta suka yi ba, hannunsu ne ya saba. Banumati ta gani ta ce ashe tana da amfani, ta cire nata masu ruwan zinariya ta ɗora a sama, wasu mata biyu suka sunkuya suna kwance nasu.

Tamarai ta kama gefen sarinta ta kakkaɓe. Takalman suka watse a ƙasa, ɗaya na Banumati ya gangara har cikin kwatar famfon wanke ƙafa.

Ta tura keken ta nufi ƙofar. Mai gadin, wani dattijo ba riga, da sanda a hannu, ya gitta sandar a gabanta. Ya ce keke ba ya shiga. Tayar da ta taka titi takalmi ce, kuma mazaunin keken fata ne, fata kuwa ba ta wuce wannan ƙofar ko da bel ɗin wando ne. Tamarai ta ce ga famfo nan, za ta wanke tayoyin da hannunta. Ya ce ko takalmi ma ana wanke shi, amma ba ya zama ƙafa. Nimalan ya matso ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, dattijon ya girgiza kai. Ya ce idan 'yan uwanta za su ɗauke ta, ƙofa a buɗe take, shi bai hana mutum ba, keke ya hana.

Kowa ya dubi Shanmugam. Ya riga ya cire riga kamar yadda maza ke yi, yana tsaye da tumbinsa, ya sa hannu a ƙugu ya yamutsa fuska. Sai idanu suka koma kan Gomati.

"Kada wanda ya kalle ni," in ji ta. "Na faɗa tun a jirgi. Kwana nawa ne duka? Ko su ba za a bar min ba?"

Banumati na can tana ciro takalminta daga kwata da tsinke, tana cewa wannan ba rashin ƙafa ba ne, rashin tarbiyya ne. Mutanen bas suka fara zagaye keken suna shiga ɗaya bayan ɗaya, wani ya buge ta da jaka a kafaɗa bai waiwayo ba. Shanmugam ya sunkuyo ya ce mata cikin lallashi, ai daga nan ma Mai Dutse na ganinta, zai kawo mata toka kamar kullum.

"Yaya, shi yana ganina. Ni ce ban gan shi ba."

Ya miƙe ya shiga. Gomati ta bi shi.

Tamarai ta zauna a rana da kwakwa a cinya. Ta cikin ƙofar tana hango farfajiyar dutse, da ɗakin Mai Dutse a tsakiya. Sai ta ga wani mutum ya fito ta bayan ɗakin a kwance, jikinsa a jiƙe, hannayensa a miƙe saman kai riƙe da kwakwa, yana mirginawa a hankali, wata mata na biye da shi tana gyara masa zane. Mai cika alwashi ne. Ta sha ganin irinsu daga bakin ƙofofi, ba ta taɓa kallonsu da kyau ba sai yau. Ta lura cewa tun da ya fito har ya ɓace, ƙafarsa ba ta yi aikin komai ba.

Ta tura keken zuwa famfo ta ja birki. Ta ciro allurai daga wuyan rigarta, inda suke zama kullum, ta naɗe bakin sarin a idon sawunta ta soke shi tsaf, ta ɗaure ƙafafun biyu wuri ɗaya da ƙyallen share zufa. Ta dafa hannun keken ta zame ƙasa, yadda take yi a gida idan Gomati ta ƙi zuwa. Ta buɗe famfo ta sa kanta a ƙarƙashi har ruwa ya jiƙa ta sharkaf. Sannan ta ja jiki zuwa ƙofar, ta kwanta, ta miƙa kwakwar saman kanta.

Mai gadin ya ce, "Ke, a nan maza ke birgima. Mata taku suke aunawa, diddige a bakin yatsa."

"Da wace ƙafar, Baba?"

Ya dubi ƙafafun da ke ɗaure, sirara kamar na yarinya, ya kau da kai. Ya ce wanda ya jiƙa jikinsa da niyya, shi ba shi da ikon tsayar da shi. Ya ɗauke sandar.

Dutsen ya sha rana tun safe. Juyi na farko ta ji kamar an ɗora ta a kan kaskon tuya, ruwan jikinta ya fara tururi. Kafaɗunta na juyawa yadda take so, amma ƙugu da ƙafafu sai su tsaya a baya, sai ta fizge su da ƙarfi, kowane fizga kuma ya karkatar da ita. Ba ta yi nisa ba ta ga ta nufi bango. Ta gyara da gwiwar hannu, fatar wurin ta saluɓe. Duniya ta zama sama, dutse, sama, dutse, da ƙafafun mutane suna matsawa.

Wata tsohuwa 'yar garin ce ta fara ɗaga murya. Ta tambaya ina dangin wannan matar, wane irin gida ne za su bar mai alwashi tana birgima ba mai bin ta, kamar wadda ba ta da kowa. Wasu suka amsa mata. Mutanen bas suka fara nuna Gomati da baki, har da waɗanda suka yi ta tsaki da safe. Ba a jima ba Tamarai ta ga wasu ƙafafu da ta sani sun tsaya kusa da fuskarta, da zoben azurfa a yatsa da faso a diddige.

Gomati ta sunkuya ta kama ƙafafun ta juya su daidai da kafaɗa. Fuskarta na murmushi saboda jama'a, bakinta kuwa na aiki ƙasa-ƙasa. Ta ce ta san da gangan aka yi. Ta ce tun ranar da ta shigo gidansu ta gane irin macijiyar da aka haɗa ta da ita. Ta ce da ta sani da ita ce ta zame a banɗakin nan ta karya hannu. Kowace magana da juyi ɗaya: Tamarai ta juya kafaɗa, Gomati ta jefa ƙafafu, kuma ko sau ɗaya ba su saɓa ba. Tamarai ba ta da numfashin ramawa. Sai da suka zo kwanar farko ta samu ta ce, "Hagu, Anni. Ko shi ma sai an koya miki?"

Kafin su kai bayan ɗakin taro ya haɗu. Wayoyi sun ɗaga. Mutanen bas suna biye suna kiran sunan Mai Dutse, tsohon da ya yi maganar kunya har da share hawaye. Banumati ta kutso gaba tana faɗa wa 'yan garin cewa tare suke, jirgi ɗaya, tebur ɗaya ma suke cin abinci. Da Tamarai ta tsaya shan iska, sai ta ji an kama ƙafarta. Banumati ce ta durƙusa, ta taɓa ƙafar ta shafa a idanunta don neman albarka.

Duk abin da aka yi mata tun daga Chennai bai ƙona mata rai kamar wannan ba.

"Cire hannunki," in ji ta. "Ƙafar nan ce ta safe. Ba ta sake ba."

Banumati ta ja baya ta ce wahala ce ta sa ta sambatu. Gomati ta yi wani sauti a hanci, wanda da wani ne ya yi shi da an ce dariya ce, sannan ta jefa ƙafafun da ƙarfin da ya fi na da.

Sun zagayo gaban ɗakin lokacin da mai buga ƙararrawa ya kama igiya. Mutane na fitowa da sauri, masu hidima na kwashe faranti. Tamarai ta yi juyi na ƙarshe, haƙarƙarinta ya bugi wani abu mai tauri. Dokin ƙofa ne na baƙin dutse, tsawonsa ya kai gwiwa, wanda ba a takawa, ba a jingina da shi, tsallake shi ake yi. Ta kwanta a gindinsa tana haki. Daga nan ƙasa ba ta ganin komai sai dutsen da hayaƙin kafur na fita ta samansa. Gwiwoyin hannunta na jini, hannayen sun mutu, ko kwakwar da kyar take riƙe da ita.

Shanmugam na tsaye a gefe da toka a goshinsa, da wata a ƙunshe a takarda. Ƙararrawa ta fara.

Gomati ta tsuguna har bakinta ya zo daidai kunnen Tamarai. Numfashinta na warin kirfar da ta tauna a kasuwa.

"To, Gimbiya, ga ki ga shi. Me za ki roƙa in kin shiga? In mutu?"

"In kin mutu wa zai ɗauke ni? Ban taɓa roƙon ki mutu ba. Na dai roƙa bayanki ya yi ta ciwo kada ya karye."

"Ai kuwa an amsa miki."

Wani mai hidima ya kama ɓangaren ƙofar na hagu ya fara turowa. Tamarai ta ɗaga ido ta dubi Gomati. Ba ta yi niyyar roƙo ba, amma ta san Gomati ta ga abin da ke fuskarta, ta kuma san ba za ta taɓa yafe mata ganin ba.

"Saurara," in ji Gomati. "Gobe jirgi zai tsaya a wani gari. Ni kaɗai zan sauka. Ba ke, ba yayanki. Tun daga tashi daga barci har in dawo, ba zan taɓa ki ba, ko yatsa. Shi zai yi miki komai. Komai na ce."

"Bayansa fa?"

"Ya karye mana."

"Na yarda."

"Faɗi da ƙarfi, a gaban Mai Dutse, shi ma ya ji."

Tamarai ta faɗa da ƙarfi. Shanmugam ya buɗe baki, ya ga tsohuwar nan 'yar garin na kallonsa, ya rufe.

Gomati ta soke bakin sarinta a ƙugu, ta sa hannu ɗaya a ƙarƙashin hammata, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyi, ta yi nishin da take yi kowace safiya, ta miƙe. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofar, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Mai hidimar ya saki ƙofar ya matsa.

Ciki duhu ne da sanyi, ƙasan na da santsin mai. Gomati ta dire ta a gaban dogon ƙarfen da ke tsare mutane, ba a hankali ba, ta tsaya a bayanta ta tokare ta da gwiwa don kada ta kife. Can ciki fitilu na ci, ga Mai Dutse a tsakiyarsu, baƙi wuluk, an lulluɓe shi da furanni har ba a ganin komai sai layukan toka uku. Babban mai hidimar ya karɓi kwakwar ya fasa da bugu ɗaya. Ya zo da farantin wuta, ya ga babu kowa a inda ya saba miƙawa, sai ya sunkuya ƙasa sosai. Tamarai ta sa tafukanta a kan harshen wutar ta shafa a fuska. Ya ɗebo toka da babban yatsa ya shafa mata a goshi da kansa.

Ta nemi abin da za ta roƙa ta rasa. Kallo kawai take yi.

"Yi sauri," in ji Gomati daga sama. "Nauyinki na karya min gwiwa."

Tamarai ba ta yi sauri ba. Ta kalla har aka ja labule.

Suka koma bas. An bar mata kujerar gaba ba gardama, wata mata ta miƙo mata ruwa, ta ƙi karɓa. Likitan jirgi ya wanke mata gwiwoyin hannu ya naɗe, ya yi wa Shanmugam faɗa a kan sakaci, Shanmugam ya ce haka ne, haka ne.

Washegari Gomati ta tashi ta yi wanka ita kaɗai, ta daɗe a ciki. Ta sa koren sarin da ta ɓoye a ƙasan akwati, ta soka furanni a gashi, ta ɗauki 'yar jakarta. Ta wuce gadon Tamarai ta gefe, kamar mai gudun kada zanenta ya taɓa wuta. Shanmugam ya bi ta har ƙofa yana tambayar ta ina ake kamawa, ta ce ya tambayi ƙanwarsa, bakinta lafiya lau yake.

Kafin ya fitar da Tamarai daga ɗakin ya buga mata kai a jikin ƙofa, ya sa mata riga a bai-bai, ya zauna a bakin gado sau biyu yana haki. Bayan bai karye ba. Ya turo ta bene na sama ya ajiye a bakin ƙarfe, inda ake hango gadar sauka. Suka ga koren sari na gangarawa cikin mutane. Banumati ta ɗaga mata hannu daga bakin bas, Gomati ta yi kamar ba ta gani ba, ta wuce bas ɗin ta fita ƙofar tasha da ƙafa, tana kaɗa jaka. Ba ta waiwayo ba. Tamarai ma ba ta sa ran za ta waiwayo ba.

Mai kawo shayi ya zo wucewa da tire. Shanmugam ya sunkuyo da sauri ya ce mata ƙasa-ƙasa, ko za ta haƙura da shayi yau, da ruwa ma in da hali, har Anninta ta dawo, don banɗakin ɗakin nan matsattse ne, shi kuma bai san yadda ake yi ba.

Tamarai ta dube shi sama da ƙasa. Ta ɗaga hannunta mai bandeji ta kira mai shayin, ta ce ya ajiye mata butar gaba ɗaya.